Leƙen Sama: Tekun Da Ke Ɓoye Ƙarƙashin Ƙanƙara

 

A ƙasashenmu ƙanƙara aba ce mai tsada, mai gajeren rai. Idan azumi ya faɗo cikin bazara, mukan aiki yaro da la'asar sakaliya ya sayo ta, ya naɗo ta a tsumma yana gudu, kafin ya iso ƙofar gida sulusinta ya tsiyaye a hanya. To yau za mu kai ku wani wuri inda ƙanƙara ita ce ƙasar da ake takawa, inda sanyi ya kai digiri 160 ƙasa da sifiri a wurin da ya fi ɗumi, har ƙanƙarar ta yi tauri kamar falalen dutse. Masana sun ce a ƙarƙashin wannan ƙanƙara akwai teku, wanda ruwansa ya ninka na dukan tekunan duniyarmu sau biyu. Amma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin ko ɗigo ɗaya na wannan ruwa, babu kuma na'urar da ta taɓa shi. Abin da ya ja hankalinmu ke nan: yaya aka yi mutane masu hankali suka amince da ruwan da ido bai gani ba, har suka ɗora dukiya mai yawa da aikin shekaru a kansa?

Wurin yana kusa da Mushtari. Malamanmu na hisabi sun daɗe da sanin wannan suna, shi ne wanda a shafukanmu na Faransanci ake kira Jupiter. Ga ido, tauraro ne mai haske wanda ba ya ƙyaftawa, amma ba shi da wutar kansa. Yana kewaya rana ne kamar yadda duniyarmu take yi, sai dai faɗinsa ya ninka nata sau 11. Mu wata ɗaya gare mu, shi kuwa yana da watanni sama da 90 masu kewaya shi. Huɗu daga cikinsu manya ne, su ne waɗanda Galileo Galilei ya hango da madubinsa na hangen nesa a birnin Padua na Italiya cikin Janairun 1610: Iyo, Yuropa, Ganimed da Kalisto. Na biyun, Yuropa, shi ne abin zancenmu. Da Faransanci sunansa ɗaya da na nahiyar Turai, saboda haka kada mai karatu ya rikice idan ya ga an rubuta cewa an aika kumbo zuwa “Europe”, ya ce ai jirgin sama ma yana zuwa can. Faɗin Yuropa kimanin kilomita 3,100 ne, ya ɗan gaza watanmu kaɗan, kuma yana gama kewaya Mushtari cikin kwana uku da rabi.

Shekara fiye da 360 Yuropa ya yi bai wuce ɗigon haske a madubin masana ba. Sai a 1979 kumbuna biyu na Amurka marasa matuƙi, Voyager 1 da Voyager 2, suka gifta ta wajen Mushtari, na farko a Maris, na biyu a Yuli, suka aiko da hotuna. Abin da aka gani ya ba da mamaki. Watanmu duk zanzana ne, ramuka bisa ramuka, tabon duwatsun da suka yi ta faɗa masa tun farkon zamani. Yuropa kuwa sumul yake kamar ƙwai, sai dai dogayen tsagogi ja-ja-ja da suka ratsa shi ta ko'ina, kamar tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki. Ramukan da ke jikinsa ƙalilan ne. Duwatsu ba su tsallake shi don alfarma ba. Shi ma suna faɗa masa. Ke nan akwai abin da yake shafe tabon, yana sabunta fuskar. Daga ƙirga ramukan ne aka ƙiyasta cewa wannan fuska ba ta wuce shekara miliyan 40 zuwa 90 ba, alhali shi Yuropa kansa ya kai miliyan 4,500. Tsoho ne mai fatar jariri.

To me zai motsa ƙanƙara a wuri mai nisa da rana haka? Ana bukatar zafi, kuma zafin daga ciki yake fitowa. Duk lokacin da Ganimed ya kewaya Mushtari sau ɗaya, Yuropa ya kewaya sau biyu, Iyo ya kewaya sau huɗu. Wannan haɗuwa da suke yi a kai a kai, kowane yana ɗan jan ɗan uwansa, ita ta hana hanyar Yuropa zama cikakkiyar da'ira. Wani lokaci yana matsowa kusa da Mushtari, wani lokaci yana ja da baya, kuma ƙarfin jan Mushtari yana matse shi yana saki, yana matsewa yana saki, duk kwana uku da rabi. Duk yaron da ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙewa don ya karya ta, ya san yadda take zafi a wurin lanƙwasar har ta ƙona yatsa. Wasu masana uku, Peale, Cassen da Reynolds, suka yi wannan lissafi a takarda, suka buga shi a farkon Maris 1979, suna cewa lalle cikin Iyo a narke yake. Bayan kwanaki kaɗan, wata injiniya mai suna Linda Morabito tana duba wani hoton Voyager 1 don aikin daidaita hanyar kumbon, sai ta ga dutse yana aman wuta a gefen Iyo. Lissafi ya riga ido. A cikin shekarar nan masanan uku suka tambaya a wata takarda ko irin wannan zafi zai iya narkar da ƙasan ƙanƙarar Yuropa.

Tambayar ta jira shekara 16 kafin a samu wanda zai je ya duba. Kumbon Galileo, wanda aka raɗa wa sunan tsohon masanin, ya tashi a Oktoba 1989, ya isa Mushtari a Disamba 1995, kuma ya isa ne da nakasa. Babbar eriyarsa, wadda aka ƙera kamar laima mai faɗin kusan mita biyar, ta ƙi buɗewa sosai lokacin da aka umurce ta a 1991. Wasu haƙarƙarinta sun maƙale. An yi ta dabaru, aka juya ta ga rana ta yi zafi, aka juya ta ga duhu ta yi sanyi, aka girgiza ta da injinta sau dubbai, ba ta buɗe ba. Dole aka koma ga wata ƙaramar eriya wadda ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na babbar ba. Injiniyoyi suka sake rubuta wa kwamfutar kumbon umurni daga nan duniya, suka koya mata taƙaita hoto kafin ta aiko, suka haɗa ƙarfin manyan faya-fayan sauraro da ke Kalifoniya da Ostareliya. Da babu gara ba daɗi. Kusan duk abin da muka sani na kusa game da Yuropa, ta wannan ɗan tsukin ya ɗiɗɗigo.

Hotunan Galileo sun nuna wurare kamar yankin da aka kira Conamara, inda ƙanƙara ta farfashe gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kamar girman gari, suka juya, suka karkata, sa'an nan suka sake daskarewa a inda suke. Mai kallo zai rantse yawo suka yi bisa wani abu mai ruwa-ruwa. Amma hoto yana iya ruɗi, domin ƙanƙara mai ɗan ɗumi ma tana malala a hankali ba tare da ta narke ba. Hujja mafi ƙarfi ba daga kyamara ta fito ba, daga wata na'ura ce da ba ta ɗaukar hoto ko ɗaya, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da mu, domin nan ne zuciyar maganar.

Na'urar dangin kamfas ce, irin wanda matafiyi yake neman alƙibla da shi, sai dai ita tana auna ƙarfin maganaɗisu da inda ya fuskanta daki-daki. Mushtari yana da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, a ɗan karkace yake kuma, sa'an nan Mushtarin yana juyawa a kan kansa cikin kimanin awa 10. Saboda haka a wurin da Yuropa yake, wannan ƙarfi yana lilo, ya karkata nan ya karkata can, duk bayan kimanin awa 11. Akwai wata ƙa'ida da ake koyarwa a makarantun sakandare, wadda a kanta dinamon fitilar keke yake aiki: idan maganaɗisu mai canzawa ya ratsa abin da lantarki ke iya bi, lantarki zai taso a cikin abin, shi kuma lantarkin ya haifar da nasa maganaɗisun mai tunkuɗe na farko. Ayarin masana ƙarƙashin Margaret Kivelson suka ga cewa Yuropa yana mayar da irin wannan martani. Sai suka ce, idan maganaɗisun dindindin ne a cikinsa, kamar na duniyarmu, zai tsaya a fuska ɗaya ko yaushe. Idan kuwa martani ne, zai juya duk lokacin da na Mushtari ya juya. A farkon Janairun 2000 Galileo ya gifta Yuropa daidai lokacin da lilon ya koma ɗaya gefen. Maganaɗisun Yuropa shi ma ya juya. Ke nan akwai wani abu da lantarki ke bi, wanda ya lulluɓe watan duka, kusa da fuskarsa. Ƙanƙara ba ta da wannan hali sosai, dutse mai sanyi ma haka. Ruwan gishiri yana da shi.

Mahaƙin rijiya na gari ba ya ganin ruwa kafin ya sa diga. Yana duban inda goriba ta yi yawa, yana duban launin ƙasa da yadda fadama ta kwanta, ya tara alama bisa alama, sa'an nan ya ce a haƙa nan. Sau da yawa yakan dace, wani lokaci kuma a haƙa gaba goma a tarar da fa. Matsayin da ake a kai game da tekun Yuropa ke nan: alamu sun taru ta hanyoyi dabam-dabam, suna nuni wuri guda, kuma mafi yawan masana sun gamsu. Ƙiyasin kaurin ƙanƙarar yana kai wa kilomita 15 zuwa 30, zurfin ruwan da ke ƙasanta kuma kilomita 60 zuwa 150. Don kwatanci, wurin da ya fi zurfi a tekunan duniyarmu kilomita 11 ne.

Me ya sa aka damu da wannan ruwa? Saboda tambayar rai. A 1977 wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin ya nutse kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku, kewaye da su kuma halittu cunkus, a cikin duhun da hasken rana bai taɓa kai wa ba. Abincinsu yana farawa ne daga ƙananan ƙwayoyin halitta masu rayuwa da sinadaran da ke fitowa daga dutse. Tun daga ranar aka daina cewa sai da hasken rana rai yake yiwuwa. Tekun Yuropa, bisa abin da ake zato, a kan dutse yake kwance. A 2023 madubin James Webb ya gano iskar kabon mai daskarewa a wani yanki mai suna Tara, inda ƙanƙara ta farfashe ba da daɗewa ba, abin da ke nuna daga ƙasa ta fito. A can wajen Zuhal kuma, kumbon Cassini ya tarar a 2005 cewa wani ƙaramin wata mai ƙanƙara, Anselad, yana feso ruwa sama ta tsagogin kudancinsa. Kumbon ya ratsa ta cikin feshin, ya ɗanɗana gishiri da wasu sinadarai da rai ke bukata.

A nan ya kamata mu ja wa yaranmu kunne, domin labaran wayar salula sukan ƙara gishiri fiye da na tekun kansa. Ba a gano rai a Yuropa ba, ba a gano shi a Anselad ba, ko ƙwaya ɗaya. Ko batun feshin ruwa a Yuropa bai tabbata ba: madubin Hubble ya ga abin da ya yi kama da shi a 2012, Webb ya duba daga baya bai ga kome ba. Wanda ya ce maka an ga kifi a can, ka tambaye shi wa ya kama.

Don a rage wannan duhu ne hukumar NASA ta harba kumbon Europa Clipper ranar 14 ga Oktoba 2024 daga Fulorida, bayan wata mahaukaciyar guguwa ta jinkirta tashin da kwana huɗu. Nauyinsa da mai kusan tan 6 ne, fuka-fukansa masu tara hasken rana kuwa idan an buɗe su sun haura mita 30, domin hasken da ke isa Mushtari bai kai kashi 4 cikin 100 na wanda muke samu ba. Ba miƙe ya tafi ba. Ya bi ta kusa da Mirrihu ranar 1 ga Maris 2025, aka kuma tsara masa ya sake giftawa ta kusa da duniyarmu a Disamba 2026, domin kowace giftawa tana gyara masa hanya da gudu ba tare da ƙona mai da yawa ba. Tafiyar duka kilomita miliyan 2,900 ce, isowa kuma sai Afrilun 2030.

Abin da ya fi ba injiniyoyi tsoro shi ne wani tiriri mai lahani da ke kewaye da Mushtari. Maganaɗisunsa yana kama ƙananan ƙwayoyin lantarki, yana wurga su da gudun da ya kusa na haske, kuma Yuropa a tsakiyar wannan ruwan harsashi yake zaune. Mutum ya yi kwana ɗaya a fuskarsa, abin da zai sha ya isa ya zama ajalinsa. Na'urori ma lalacewa suke yi. Shi ya sa Clipper ba zai zauna yana kewaya Yuropa ba. Mushtari zai riƙa kewayawa ta nesa, ya kutso ya gifta Yuropa, wani lokaci da tazarar kilomita 25 kacal, ya fice da sauri, kamar mai zaro masara daga garwashi, har sau 49. Ƙwaƙwalwarsa tana cikin wani akwati na alminiyum mai kaurin kusan milimita 9. Duk da haka, wata biyar kafin tashi aka gano cewa wasu ƙananan kayan lantarkin da aka riga aka ɗaura masa ba su da juriyar da aka zata. An kwashe watanni ana gwaji dare da rana, kafin a tabbatar cewa idan an ɗan ɗumama su a lokacin da kumbon yake nesa da tiririn, suna murmurewa. Sai a Satumba aka ce a tafi.

Na'urori tara yake ɗauke da su. Akwai rada mai iya leƙa cikin ƙanƙara don neman aljihunan ruwa, akwai mai neman wuraren da suka fi ɗumi, akwai mai shaƙar iska da mai cafke ƙurar da ke tashi daga fuskar watan don a san abin da ke cikinta, akwai kuma magajiyar waccan kamfas ta Galileo, wadda a wannan karo ake fata ta faɗi zurfin tekun da yawan gishirinsa. Masu aikin sun faɗa da bakinsu cewa ba rai aka aike shi nema ba. An aike shi ne ya duba ko wurin zai iya ɗaukar rai. Turawan Turai su ma suna da nasu kumbon a hanya, Juice, wanda rokar Ariane 5 ta ɗaga daga Kuru a Giyanar Faransa ranar 14 ga Afrilu 2023. Zai isa a 2031, ya gifta Yuropa sau biyu, amma Ganimed ne babban abin nemansa.

Mun san abin da ke ran wasu iyaye tun daga farkon wannan shafi, domin yana ranmu mu ma. Kuɗin Clipper ya haura dala miliyar 5, wato wajen sefa miliyar 3,000, abin da ya yi kusa da kasafin shekara guda na ƙasa kamar Nijar. A nemi ruwa a bayan Mushtari, alhali ga mata suna tafiyar awa biyu da tulu? Ba za mu ce tambayar banza ce ba. Abin da za mu ce shi ne, kuɗin na Amurka ne, an raba shi bisa shekara wajen 20, kuma da ba a kashe shi a nan ba, ba mu ga alamar rijiyoyinmu zai nufo ba. Sa'an nan irin wannan ilimi yakan dawo gida ta ƙofar da ba a zata ba. A 1981 wata rada da aka ɗora wa kumbon Columbia ta leƙa ƙarƙashin rairayin Sahara tsakanin Masar da Sudan, ta nuna hanyoyin tsofaffin koguna da suka binne. A 2004 an yi amfani da hotunan rada na taurarin ɗan Adam wajen zaɓen wuraren haƙa rijiyoyi ga ƴan gudun hijirar Darfur a gabashin Cadi. Ba mu ce Clipper zai haƙa wa kowa rijiya ba. Ƙishirwar ƙauyukanmu tana da masu alhakinta, kuma ba a Fulorida suke zaune ba.

Akwai wani abu a tarihin waɗannan kumbuna da ba a cika faɗa ba, mu kuwa shi ya fi tsaya mana a rai. Lokacin da man Galileo ya kusa ƙarewa, yana nan da ransa, yana aiko da bayanai. Amma ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin halittar duniyarmu kafin ya tashi ba, domin a lokacin ba a san zai gano teku ba, kuma an san wasu ƙwayoyin suna iya jure sanyi da bushewa na shekaru. Da an bar shi ba mai, ba linzami, wata rana yana iya faɗawa kan Yuropa. Sai waɗanda suka yi shekara 14 suna jinyarsa suka juya shi da hannunsu, ranar 21 ga Satumba 2003, suka cusa shi cikin iskar Mushtari ya ƙone ƙurmus. Haka aka yi wa Cassini a Zuhal ranar 15 ga Satumba 2017, saboda Anselad. Clipper ma tun kafin ya tashi an zaɓa masa makwanci: a 2034 za a karo shi da Ganimed, inda ake ganin ƙanƙarar ta yi kaurin da abin da ya faɗa mata ba zai kai ga ruwa ba. Dalili biyu ne. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe su guji gurɓata waɗannan wurare. Na biyu kuma, idan jikokinmu suka huda ƙanƙarar wata rana suka tarar da ƙwayar halitta, suna bukatar su san ta can ce, ba baƙuwar da ta maƙale a jikin kumbon kakanninsu ba. A ƙauye ma ba a zura guga mai datti a rijiyar gari, ko da kuwa mai gugan shi ya fara gano ruwan.

Ga wanda yake da tabarau mai ido biyu na hangen nesa, irin na mafarauta ko na masu duban jinjirin wata, Yuropa ba ya fi ƙarfinsa ba. A daren da sama ta washe, ba hazo, kuma Mushtari ya fito, a jingina tabaran a kan katanga don kada hannu ya yi rawa. Za a ga ɗige-ɗige ƙanana, biyu ko uku ko huɗu, a jere a gefensa. A ba yaro takarda da fensir ya zana inda kowane yake, ya sake zanawa gobe da jibi a lokaci guda. Wanda ya fi kowane saurin canza wuri Iyo ne. Mai bi masa, wanda yake komawa kusan inda aka fara ganinsa bayan mako guda, bayan ya yi kewaye biyu, shi ne Yuropa.